Ruwan Ɗorawa Biyu Ne

Ranar Talatar da kan motar Bappa Hamagabdo ya ci wuta, hayaƙi bai gama washewa ba mutanen tasha suka gama shari'a. Haka muke a tashar gingimari ta bayan layin dogo a Ngaundare. Mota takan kwana uku tana jiran lodi, amma magana ba ta jiran kowa.

Ina cikin ɗan shagon da mijina ya mutu ya bar mini, inda nake sayar da ƙwan fitila da fiyus da man birki, na ji ihu. An kwana ana ruwa, gari ya waye da duhun hadari, sai wajen bakwai da rabi yayyafin ya ɗauke. Kafin in isa, maza sun fasa gilashi suna watsa taɓo da bokiti, Metir Paskal mai gyaran wutar mota ya cire kan batir. An kashe wutar, amma ta cinye kujerar direba da sitiyari da rabin allon gaba. Sunan motar ne kawai ya tsira a goshinta: Munyal, wato haƙuri. Shekara talatin da huɗu tana hawa da sauka tsakanin nan da Garwa.

"Ni dai na ga Bobbo," in ji Madam Odil mai sayar da makala, wato fanke, da wake, tana goge hannu a zani. "Da idona. Yana zagaya ta kamar kura ta ga akuya a ɗaure."

Bobbo ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Bappa ne ya koya masa tuƙi, ya riƙe Munyal shekara goma sha biyu, sai mako uku da suka wuce Bappa ya karɓe makulli ya ce shi zai koma tuƙa abarsa. Ba wanda ya san dalili. Abin da kowa ya sani shi ne maganar da Bobbo ya yi a gaban jama'a ranar: "Wallahi Bappa, motar nan idan ba a hannuna take ba, ba za ta kai ƙarshen damina ba." Baki shi ke yanka wuya, kuma na Bobbo tun yana ƙarami kaifi gare shi.

Alhaji Sali, shugaban ƙungiyar direbobi, ya sa aka kulle shi a ofis. Dokar ƙungiya ba ɓoyayyiya ba ce: wanda ya cinna wa motar ɗan'uwa wuta, a karɓe katinsa har abada, a miƙa shi ga jandarma, wato 'yan sanda. Bobbo 'ya'yansa huɗu, kuma ban da sitiyari bai iya riƙe komai ba.

"Alhaji, a ba ni zuwa la'asar," in ji wata murya daga baya.

Baba Ndinga ne, tsohon da ke gadin ƙofar tasha. Mutumin Gbaya ne, ya yi shekara talatin yana bin sawun shanun sata daga Maiganga har bakin iyaka, kafin gwiwoyinsa su ce sun gaji. Bai taɓa tuƙa ko keke ba.

"Baba, mota ce fa, ba saniya ba," in ji Alhaji Sali.

"Wanda ya zo wurinta ai da ƙafa ya zo."

Aka yi dariya, aka ba shi zuwa la'asar.

* * *

Na bi shi ba tare da ya gayyace ni ba. Ya waiwayo ya dube ni.

"Astawabi, ku Fulani kun iya ɓatar da saniya, mu muka iya nemo ta. Taka inda na taka kawai."

Gaban motar masu kashe wuta sun dame shi kamar kunu. Amma Bappa ya jingina ta ne kusa da katanga, wancan gefen ba wanda ya shiga. Kafin mu ƙarasa can muka tarar da wasu direbobi sun tsinci kwalba mai warin fetur, suna ɗaga ta kamar sun kama ɓarawo da hannu. Baba ya karɓa, ya leƙa bakinta, ya miƙa musu.

"Zanzaro ya yi gini a wuyanta, har ya bushe. Sai dai in shi ya cinna wutar."

Suka watse suna gunaguni. Shi kuwa ya tsuguna, ya daɗe yana kallon ƙasa kamar mai karanta wasiƙa.

"Takalmin ƙanenki ne wannan, dunduniyar hagu ta cinye. Bayan ruwa ya ɗauke ya zo, ga shi ba ɗigon yayyafi a cikin sawun."

Ba zan ɓoye ba, har cikin raina na fara zargin ɗan'uwana, kuma har yau ina jin kunyar hakan.

"To ai ka gama da shi ke nan, Baba."

"Ke da gaggawa kamar zawo. Dubi nan. Ya tsaya gaban wannan taya, ya durƙusa, ga gwiwarsa. Ya matsa ta gaba, ya sake durƙusawa. Nan ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi. Mai ƙona mota ba ya gaishe da tayoyinta ɗaya bayan ɗaya." Ya nuna matakalar ƙofa da sandarsa. "Kuma taɓon da ke kan matakalar nan na takalmi ɗaya ne tak, ba nasa ba."

Ya bi wani sawun daban, mai ɗigon ruwa a ciki, gajerun taku, tsinin takalmi yana jan ƙasa. Sai ya miƙe ya dubi jikin bodin motar. A kan dattin akwai dogon layi na yatsu huɗu, tun daga ƙofar direba har baya.

"Na wane ne wannan?" na tambaya.

"Na mai mota," ya ce.

* * *

Bobbo na zaune a kan benci a ofis, ya haɗa kai da gwiwa.

"Ɗana, me ka zo yi wurin motar?" in ji Baba.

"Wucewa na yi."

"Wucewa da gwiwa? Kullum kake zuwa?"

Bobbo ya kau da kai.

"Kai Bobbo, buɗe baki!" na daka masa tsawa. "Gidan yari ake maganar kai ka, kana mini kunyar amarya?"

"Adda, ban ƙona ta ba. Iyakar abin da zan ce ke nan."

"Me ya haɗa ka da Bappa har ya karɓe makulli?"

"Tsakanina da shi ne."

Na so in kwaɗa masa mari kamar yadda nake yi muna yara. Baba ya riƙe mini hannu, muka fito.

"Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba," ya ce. "Yaron nan wani yake rufa wa asiri, ba kansa ba."

Bappa Hamagabdo yana ƙarƙashin mangwaro a kan tabarma, mutane na ta zuwa jaje. Dogo ne, mai tsabta, wanda ko a cikin taɓon damina ba ka ganin ɗigo a rigarsa. Da na durƙusa gabansa ya ce, "Sannu Odil," sai da na yi magana ya gyara, "Au, Astawabi ce. Hankalina ba ya jikina, 'yata."

"Alhaji, ka kulle ƙofofin?" in ji Baba.

"Duka biyun."

"Bobbo na da wani makullin?"

"Duka ya dawo mini da su. Amma wanda ya yi shekara goma sha biyu da mota ai ya san hanyar shiga." Ya juya wajen Baba. "Ni na rene shi, Ndinga. Ban ce shi ne ba. Amma mota ba ta cin wuta tana tsaye a kashe."

"Akwai abin da aka taɓa a cikinta kwanan nan?"

"Paskal ya sauya akwatin fiyus wata biyu da suka wuce. Ban da wannan babu."

* * *

Kafin azahar rabin tasha sun sauka daga kan Bobbo sun hau kan Paskal. Muka same shi ya cika ya yi fam.

"Ni? Shekara ashirin ina wannan aiki, ko sigari ban taɓa kunnawa da wayata ba! Wanda ya ce aikina ne, ya zo ya faɗa a gabana!"

"Metir, ni ban san wuta ba," in ji Baba. "Amma duk abin da ya yi tafiya yana barin sawu. Zo ka zama idona."

Suka shiga kan motar, na tsaya a matakala ina toshe hanci. Baba ya bi baƙin da yatsa daga rufi, ya gangaro sitiyari, ya shiga bayan allon gaba, inda allurar gudu da ta mai da ta zafin inji suke.

"Nan ta fi ci, nan ta kwana. Daga nan ta fito." Ya taɓa wani ɗan ƙarfe da ya yi tsini. "Wannan fa?"

"Makunnin ƙananan fitilu ne. Kai, a jaye yake! An bar su a kunne. Da duhun safiyar nan aka shigo da ita, gari ya washe ba wanda ya lura." Paskal ya cusa hannu, ya jawo wata ƙonanniyar waya da ƙwayaye huɗu suna reto. "Wannan kuma wane ɗan neman suna ne ya yi? An ƙara wa allon ƙwan fitila huɗu, an murɗa waya da hannu, an naɗe da leda. Da leda, jama'a! Ga inda ta taɓa ƙarfe."

"To me ya kamata ya faru in ta taɓa?"

"Fiyus ya tsinke, shi ke nan, allo ya yi duhu, kowa ya tafi gida lafiya. Aikinsa ke nan. Wayar fitilun allo siririya ce, lamba biyar ce iyakarta. Fiyus ɗinta dole ya fi ta rauni, ya mutu kafin ta ji zafi."

Akwatin fiyus yana gefen fasinja, ƙasa, da murfin ƙarfe, wutar ba ta kai can ba. Paskal ya buɗe, ya ƙirga da yatsa, ya tsaya. Ya zaro ɗaya ya ɗaga shi a haske. Lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu.

"Ashirin," ya ce a hankali. "Ni biyar na sa a nan, mai ruwan ƙasa. Ga shi na rubuta a murfi, na kuma nuna wa Bobbo. Wa ya sa wa wannan waya ashirin? Ai tana dahuwa yana zaune yana kallo."

Fiyus ɗin ruwan ɗorawa ne. Ina ganinsa na gane shi.

A tasharmu ba mai kiran fiyus da lamba. Launi muke faɗa: ba ni ja, ba ni fari, ba ni shuɗi. Haka na tarar mijina na yi, haka na ci gaba. Tsofaffin akwatuna na motocin da suka girme ni suna cin fiyus na tangaran, masu siffar ƙwallon dabino, kuma a cikinsu ruwan ɗorawa shi ne ƙarami, lamba biyar. Sababbin na roba masu ƙafa biyu kuwa, nasu ruwan ɗorawan ashirin ne. Na san wannan kamar yadda na san sunana, amma ban taɓa haɗa biyun a kaina ba, don kowa abin da ya ce a ba shi nake ba shi.

"Baba, sauko," na ce. "Ni na sayar da shi."

Na gaya masa komai. Mako biyu da suka wuce Bappa ya sayi ƙwan fitila huɗu. Jiya da yamma ya dawo ya ce fitilun allo sun mutu, in ba shi ruwan ɗorawa, irin na sabon akwati. Na ba shi. Ya kai shi dab da hancinsa, ya nisanta shi, ya sake matso da shi, sannan ya jefa a aljihu.

"Ni ce na ƙona ta ke nan," na ce, hawaye na zubo mini.

"Ke kin ba da abin da aka roƙa. Share fuskarki." Ya yi ajiyar zuciya. "Sawun da na fi ƙi ke nan, Astawabi. Wanda ka bi shi yini guda, ya zagayo da kai gidan mai saniya."

* * *

Bayan la'asar aka taru a gaban ofis. Alhaji Sali a kujera, Bappa a gefensa, Paskal da Madam Odil da ni a benci, Bobbo a tsaye tsakanin mutum biyu. Direbobi sun cika wurin har kan katanga.

Baba Ndinga bai ɗaga murya ba. Ya faɗi labarin kwalba, aka yi dariya. Ya faɗi sawun Bobbo, taya bayan taya.

"Madam Odil ba ta yi ƙarya ba, ya zo. Madam, yau ne farkon ganinki da shi a wurin?"

Ta ɗan sosa ƙeya. "To, gaskiya kusan kullum in motar na tasha. Na ɗauka hassada ce."

"Duba taya yake yi, da ƙasan inji, ko mai na zuba. Ƙafarsa ba ta taɓa matakala ba. Wutar kuwa daga ciki ta tashi, ƙofofi a kulle."

Sai ya ciro abu biyu daga aljihu ya ajiye a tebur: tsohon fiyus na tangaran da ya karɓa a shagona, da wanda aka zaro a motar.

"Wane launi ne wannan?"

"Ruwan ɗorawa," in ji jama'a.

"Wannan fa?"

"Ruwan ɗorawa."

"Metir, gaya musu."

Paskal ya tashi ya yi bayani, wannan karon ba faɗa. Na ga tsofaffin direbobi suna kallon juna, wasu na taɓa aljihu. Wani ya ce, "La'ila, ni ma fa shi ne a tawa."

"Babu wanda ya cinna wuta," in ji Baba. "Hannun da ya sa wannan fiyus ya sa abin da ya sani tun shekara talatin, bai san an sauya masa ma'ana ba. Iyakar inda sawuna ya kai ke nan, Alhaji. A saki yaro."

"A'a, Baba," in ji Alhaji Sali. "Hannun wa? Paskal ya ce ya rubuta lamba a murfi, kuma Bobbo kaɗai ya nuna wa. In ba a faɗi suna ba, gobe za a ce shi ya sauya tun kafin ya ba da makulli, don ya rama."

Na buɗe baki zan yi magana, Bobbo ya riga ni.

"Ni ne. Ni na sa, bisa kuskure. A karɓi katin."

Wallahi da akwai muciya kusa da na rotsa masa kai. Ƙarya yake yi tsirararta, a gaban kowa, yana jefa abincin 'ya'yansa a rijiya. Wurin ya kaure da surutu. Baba Ndinga kuwa sandarsa kawai yake kallo.

"Ya isa."

Bappa Hamagabdo ne. Ya miƙe tsaye yana dafa tebur.

"Ƙarya yake yi, kuma a gidana bai koyi ƙarya ba, sai yau. Ni na ƙara ƙwayayen, ni na sa fiyus ɗin jiya da hannuna. Rubutun Paskal ban gan shi ba. Lambar da ke jikin fiyus ɗin ma ban gan ta ba." Ya shafa idonsa. "Shekara biyu ke nan idona yana rufewa. Allurar gudu sai na cika mata haske nake hango ta, da duhu kuwa sai na dafa jikin motar nake tafiya. Bobbo ya gane. Ya same ni mu biyu ya ce in je asibiti, in daina taɓa sitiyari ko a cikin gari. Na ji haushi, na ce yaron da na koya wa riƙe giya ne zai ce mini makaho? Na karɓe makulli don in nuna masa. Maganar da ya yi a gabanku ba barazana ba ce, tsoro ne yake ji mini. Yau tun safe ina zaune ina zarginsa, shi kuwa yana kulle yana rufa mini asiri."

Ni dai kuka nake, ban damu da wanda ya gani ba.

"Da a gangaren dutsen hanyar Garwa wannan ido ya ci amanata, da ba kujera kaɗai za a yi jaje ba. Allah Ya taƙaita." Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullai biyu a zare ɗaya. "Kan mota ana gyarawa. Bobbo, karɓi abarka."

Ya miƙa hannu, amma ba wajen Bobbo ba. Wajen Paskal ya miƙa, wanda ke tsaye can gefe da riga mai launi irin ta ƙanena. Hannun ya tsaya a iska, makullan na kaɗawa, jama'a duk suka sunkuyar da kai.

Bobbo ya taka a hankali, ba ƙarar takalmi, ya zagaya ya tsaya daidai inda hannun yake nuni, kamar dama can nan yake. Ya durƙusa, ya karɓa da hannu biyu.

"Na karɓa, Bappa," ya ce. "Gobe da safe ni zan kai ka asibiti."

Washegari na sa Paskal ya rubuta mini lambobi manya-manya a jikin kowane gwangwanin fiyus. Yanzu duk wanda ya zo ya ce in ba shi ruwan ɗorawa, ko da rawaninsa ya kai tulu, sai na tambaye shi na nawa, kuma na wace waya. Wasu su yi fushi su ce Astawabi ta fara iyayi. Baba Ndinga yana jin su daga bakin ƙofa, sai ya ɗaga mini sandarsa.